Muryar Baffa a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Ranar da aka sallamo Baffa daga asibiti, kalmomi biyu kacal suka rage masa a baki, "to" da "a'a". Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace. Likita ya ce mu yi haƙuri, magana takan dawo wa wasu, wasu kuma ba ta dawowa. Ya ce mu riƙa yi masa hira, mu riƙa jiyar da shi abubuwan da ya saba da su. Muka kwantar da shi a ɗakinsa na gidanmu da ke Kazaure, wanda tagarsa ke kallon dutse, 'yan dubiya suka fara sallama.

Wanda bai san mahaifina ba, ba zai gane nauyin wannan shirun ba. Malamin dabbobi ne. Ya fi shekara talatin yana bin rugage a kan babur, daga Roni zuwa Gwiwa, zuwa Yankwashi, har bakin iyaka ta wajen Babura, yana yi wa shanu allura. Kuma mutum ne mai hira. In ya fara labari, baƙon da ya zo da niyyar gaisuwa a tsaye sai ya tsinci kansa a kan tabarma har la'asar. Yana kwaikwayon muryar kowa, yana sauka daga Hausa ya hau Fillanci ya dawo ba tare da ya lura ba. Wannan mutumin ne yanzu yake kwance yana bin mu da ido.

Kwana huɗu da dawowarsa, Inna ta same ni a madafi ina dama masa kunu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Ke, wannan hirar tasa da kika zuba a cikin na'ura, tana nan?"

Sai da na ɗan yi jim kafin na gane abin da take nufi. Lokacin da Baffa ya yi ritaya, ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a gwanjon ofis, irin mai akwati da allo mai ƙeya, wai zai rubuta littafin yawonsa. Bai taɓa wuce kunnawa da kashewa ba. Ni kuwa a lokacin sabuwar malama ce, an kai mu horon kwamfuta na 'yan makonni, kaina yana hayaƙi. Da aka yi dogon hutu na sayo makirfo na ce ya yi ta magana kawai, ni zan buga daga baya. Kusan mako uku muka yi, kullum da hantsi bayan ya karya. Daga nan aka yi aurena, na tare a Babura, na haihu, na sake haihuwa. Ban buga ko layi ɗaya ba. Shekara takwas kwamfutar tana ɗakin baƙi a ƙarƙashin wani tsohon zanin gado.

"Tana nan, Inna," na ce. "In an kawo wuta zan kunna muku."

Da gadara na faɗa, kamar wadda za ta ɗauko gishiri a kan kanta. Har na ƙara da nawa tunanin, na ce ai likita ma ya ce a jiyar da shi abin da ya saba da shi, kuma me ya saba da shi fiye da muryarsa? Inna ta juya ta tafi.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na yaye zanin, na goge, na jona, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya a ciki. Sai ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, sau uku, ta yi shiru, ta sake yin uku. Allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma, kamar yawan dannawa zai sa ta ji kunyata. Inna ta leƙo sau ɗaya da tsintsiya a hannu, ta dubi allon, ta dube ni, ta koma.

Na tuna mai horar da mu ya taɓa cewa in kwamfuta tana irin wannan kukan, yawanci wasu siraran alluna ne a ciki, waɗanda ake kira ram, suka yi datti ko suka goce daga mazauninsu. Na ari sukundireba a akwatin kayan babur ɗin Baffa, na kwance murfin gefe. Abin da na gani ya sa na ja da baya. Zanzaro ya yi gini a ciki, ɗakuna uku na laka a jikin ƙarfe, ɗaya har ya hau kan wayoyi. Ga kashin tsaka, ga yanar gizo-gizo. Damina ce, ɗakin kuma rufinsa yana ɗan tsatsafowa ta kusurwa, ba wanda ya kula tunda ba a kwana a ciki.

Na ɓamɓare ginin da tsinken tsintsiya a hankali. Na zare ram ɗin, na goge bakinsu mai ruwan zinare da magogin fensir kamar yadda aka nuna mana, na hure, na mayar. Kafin na gama an ɗauke wuta.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu kuma yake zaune da iyalinsa a sashen gaba, yana da ƙaramin janareta. Na roƙe shi ya tayar mini. Ya tayar, amma bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Na danna. Ƙit, sau ɗaya. Allo ya kawo haske. Wallahi sai da na yi kabbara a fili. Amma ba ta wuce nan ba. Farin rubutun Turanci ya fito a kan baƙin allo, yana cewa kwanan wata da lokaci ba daidai suke ba, a danna wani maɓalli. Na danna, na gyara kwanan wata, ta sake tashi, ta dawo da saƙon nan dai. Ta mayar da kanta wata shekara can baya, tun ina makarantar sakandare. Duk sanda na gyara, in ta mutu ta taso sai ta manta.

Wannan ma na san maganinsa, ko kuma na ɗauka na sani. Akwai wani ɗan batir a ciki, mai faɗin kwabo, shi ke riƙe mata lokaci. Na ciro shi na ƙulle a bakin gyale na shiga kasuwa. Shago uku na masu kayan waya ba su da shi. Wani mai gyaran agogo da ke zaune a gindin bango da ɗan akwatin gilashinsa ne ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Malama, irin na sikelin awo ne wannan," ya laluba ya ba ni.

Na sa sabon batir. Saƙon kwanan wata ya tafi. Na gyara zama ina jiran allon da na sani, mai shuɗin sama. Sai wani saƙon ya fito, gajere, layi ɗaya: ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Na kasa kunne kusa da akwatin. Daga can ciki, inda faifan ajiya yake, wani sauti yana fitowa a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gefen kofi. Ba a koya mana wannan a horo ba, amma jikina ya ba ni. Duk abin da Baffa ya faɗa a cikin wannan faifan yake, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan.

Hutun da na ɗauka a makaranta ya ƙare, na koma Babura. Daga nan sai ya zama kowace Juma'a in an tashi daga makaranta na bar yara wajen kakarsu ta wajen uba, na hau mota zuwa Kazaure, na koma Lahadi da yamma. Zan shiga na durƙusa na gaida Baffa. "Baffa, ya jikin? Kun samu kun ci abinci?" Ya ce "to". Na ba shi labarin jikokinsa, ya ce "to". Wani lokaci ya yi ta ƙoƙarin fito da wata kalma, jijiyoyin wuyansa su tashi, leɓensa yana rawa, yawu ya zubo, ƙarshe ya ce "a'a" ya juya fuska bango. Ba na iya minti goma. Sai na ce bari na je na duba na'urar nan, na tashi.

A ɗakin baƙi kuwa ina iya awa uku. Na cire igiyar faifan na mayar. Na sauya mata rami. Na shiga shuɗin allon saiti ina bin layi-layi da littafin horona a cinya, ina neman inda za ta nuna ta ga faifan. Wani lokaci sunansa ya fito, na sake tayar da ita, ya ɓace. Wani malamin makarantarmu ya ce na kwantar da akwatin ta gefe. Na kwantar. Wani ya ce na ɗan bubbuga faifan da yatsa lokacin da take tashi. Na bubbuga. Daga baya aka gaya mini kowace kunnawa da na yi ƙara kashe shi nake yi. A lokacin ban sani ba.

Asabar ta uku Yaya ya shigo ya same ni zaune a ƙasa cikin wayoyi. Ya daɗe a tsaye.

"Wai ke wajen wa kike zuwa ne? Wajen Baffa ko wajen wannan tarkacen?"

"Yaya, ai don shi nake yi."

"Don shi? Tun safe yake kallon ƙofa. In ya ji takunki sai ya ɗago kai, ki wuce ta gabansa ki shigo nan. Ni nake juya shi, ni nake kai shi bayan gida, ban ce ki yi wannan ba. Zama kawai. Zaman ma ya gagare ki?"

Na ce masa bai gane ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce in aka rasa abin da ke cikin nan an rasa shi har abada. Ya ce, "Shi kuma wanda ke kwance fa, ajiye shi aka yi miki?" Ya fita ya kashe janaretansa.

Na zauna cikin zafin ɗakin ina kuka, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne gaskiya ya faɗa. Kwamfutar in ta ƙi tashi tana gaya mini dalili, ko da a layi ɗaya ne, kuma akwai abin da zan kwance, akwai abin da zan goge. A ɗakin Baffa babu abin da zan yi da hannuna. Tsoron ɗakin nake ji. Na san haka tun ranar, amma sani bai sa na daina ba.

Litinin ban koma makaranta ba. Na naɗe akwatin a zani, na tare mai adaidaita, na kai wa wani mai gyara da ke kusa da tasha, magidanci mai furfura a gemu, wanda akasarin aikinsa yanzu waya ce. Ya jona, ya saurara, bai kai minti ɗaya ba ya zare wutar.

"Hajiya, in kwamfutar kike so ta tashi, abu ne mai sauƙi. A sa wani faifan, a zuba mata sabuwar manhaja, gobe ki zo ki ɗauka. Ko a gwada yi wa wannan fomatin, wataƙila ya ɗan ƙara kwana."

"Fomatin ba shi ne ake share komai ba?"

"Shi ne."

"To ni ba kwamfutar nake so ba. Muryar mahaifina ce a ciki."

Ya ajiye sukundirebansa ya tambaye ni ko ya rasu ne. Na ce yana nan, magana ce ta ɗauke. Ya yi salati. Sannan ya kwance faifan ya nuna mini bayansa. Ya ce irin na da ne, mai faffaɗar igiya kamar ɗamara, kuma shi duk kayan da ke shagonsa babu mai irin wannan bakin. Dabarar da ta rage ita ce a samu wata tsohuwar kwamfuta mai lafiya irin tamu, a jona shi a matsayin na biyu, ita ta tashi da nata, sannan a leƙa cikinsa a kwaso abin da ya samu. Ya ce ya san mutum ɗaya da har yanzu yake da irinta, wani tsohon mai buga takardu a Roni, wanda yake kawo masa ita gyara lokaci-lokaci.

"Amma ki sani, Hajiya, yadda nake jin kukan nan, in ya buɗe sau ɗaya ba lallai ya sake buɗewa ba. Kada ki ƙara kunna shi. Sau nawa kika kunna?"

Na ce ban ƙirga ba. Ya girgiza kai kawai. Ya naɗe faifan a takarda ya sa a leda, ya ce Laraba zai rufe shago ya raka ni, don jonawar tana da 'yar dabara.

Ranar Laraba da sassafe aka yi ruwa. Muka shiga motar Roni, faifan yana cikin jakata, na rungume ta a ƙirji don kada ramukan hanya su jijjiga shi. Gero ya kai gwiwa a gonaki, duwatsu sun yi wanka sun yi baƙi, shanu suna kiwo a gindinsu. Hanyar da Baffa ya bi sau ɗari ce, kuma duk garken da muka wuce sai na ji kamar ya san kakanninsu.

Mai buga takardun dattijo ne siriri da tabarau mai kauri. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, inda yake buga wa mutane takardar neman aiki da ta gayyatar biki. Da mai gyara ya gaya masa ko 'yar wace ce ni, sai ya cire tabarau.

"Malamin dabbobi? Ai shi ya ceci saniyar mahaifiyata da ta kasa haihuwa. Hannunsa ya zura har kafaɗa, yana yi yana ba mu labari. Allah sarki. Yarinya, zauna."

Ya tayar da janareta. Mai gyara ya buɗe cikin kwamfutar dattijon, ya matsar da wani ɗan ƙaramin abu a bayan faifanmu da hantsaki, ya jona. Ta tashi. Muka ji ƙas, ƙas, sannan shiru. Babu komai. Ya kashe, ya jira, ya dafa faifan da tafin hannu kamar mai jin zazzaɓin yaro, ya sake kunnawa. A karo na uku sai ga shi ya fito a allo. Ya buɗe. Na ga sunayen jakunkunan da ni na raɗa musu da hannuna shekara takwas baya.

"Wanne za a fara ɗauka?" in ji mai gyara. "Yi sauri."

Nan ne na yi kuskuren da har yau yake dawo mini. Jakar hirar tana nan a gabana, na gan ta. Amma na ga wata an rubuta hotuna, na tuna akwai na bikina, waɗanda na zuba kafin na tare, da na kakata da ta rasu. Na ga wata ban tuna abin da ke ciki ba. Sai na ji ba zan iya barin komai ba.

"Duka," na ce. "A kwashe duka."

Mai gyara ya dube ni. Ya zaɓe su gaba ɗaya ya tura. Kwamfuta kuwa ba ta san abin da ya fi wani daraja ba, daga sama ta fara. Ina zaune ina kallon sunaye suna wucewa: tambayoyin jarrabawar aji biyu, jadawalin darasi, wasiƙar neman canjin wurin aiki, tarkacen da na tara ina sabuwar malama. Minti ashirin ana kwasar wannan. Na ce ko a tsayar a fara da hirar. Ya ce in aka katse yanzu yana tsoron kada ya ƙi komawa, gara a bar shi tunda yana tafiya.

Aikin ya iso kan hirar. Ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Kowace tana ɗaukar lokaci, don sauti yana da nauyi. Ta huɗu ta wuce. Ana tsakiyar ta biyar ƙarar ta dawo, da ƙarfi wannan karon, kuma ba ta tsaya ba. Sandar da ke nuna tafiyar aikin ta daskare. Muka jira. Dattijon ya fita ya yi alwala ya dawo. Ƙarshe saƙo ya fito cewa ba a iya karanta faifan. Mai gyara ya gwada har azahar ta wuce, ya sauya igiya, ya bar shi ya huce, ya juya shi kife. Bai sake fitowa ba.

Hira goma sha tara muka ɗauka da Baffa. Huɗu na dawo da su. Hotunan ma ba a kai kansu ba.

A mota mai gyara ya ce kada na ɗora wa kaina, wataƙila ko da hirar aka fara a nan ɗin zai tsaya, don wajen ne ya lalace. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma tausayina ya ji. Ban tambaye shi ba, don ba na so na ji amsar.

Kafin mu baro Roni ya zuba mini huɗun a katin waya. Da la'asar na shiga ɗakin Baffa. Inna tana zaune a bakin gado tana yi masa fifita, Yaya yana kan kujera. Na durƙusa.

"Baffa, na kawo muku wani abu. Ku saurara."

Na danna. Aka ji motsin kujera, aka ji muryata ina cewa an fara. Sai muryarsa ta cika ɗakin, garau, da ƙarfinta, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya shiga labari. Labarin wani arɗo ne a wajen Gwiwa, wanda ya ɓoye garkensa a bayan dutse don an ce masa allura tana ƙafar da nono. Baffa ya roƙe shi ya ba shi tsohuwar saniya ɗaya tak ya yi mata, sannan ya shimfiɗa buzunsa a rugar ya ƙi tafiya. Kullum da safe in an tatse ta sai ya karɓi ƙwaryar ya shanye a gaban arɗo ya ce a ƙaro. Yana kwaikwayon muryar arɗon a rana ta uku, yana cewa a fito da shanun a yi musu, in ba haka ba wannan malamin zai ƙarar da nonon rugar. Sai dariyarsa, doguwa, da tawa a bayanta.

Yaya ya yi murmushi. Ni ina kallon Baffa ina jira. Ban san me nake jira ba, wataƙila na ɗauka bakinsa zai bi muryar, kamar yadda mutum yake bin karatun da ya haddace.

Da farko ya zuba wa wayar ido. Leɓensa ya motsa. Sai numfashinsa ya canza. Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya daki katifa. "A'a." Ya sake duka. "A'a. A'a." Muryar da ke cikin wayar tana ci gaba da zuba, ta shiga wani labarin, shi kuma yana ta faɗin kalmarsa ɗaya yana ƙara ƙarfi, hawaye yana gangarowa ta gefen da ya karkace. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Na yi ta laluba na kasa samun wajen kashewa. Inna ce ta ce, "Fitar da ita waje," a hankali, ba tare da ta dube ni ba. Na fita da wayar tana magana har tsakar gida.

Ranar bai ci abinci ba. Washegari ma sai da Yaya ya lallashe shi. Ba wanda ya ce mini komai, Yaya ma bai ce ai na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Wata guda na yi ina wahalar gina abin da na kawo na dake shi da shi. Ni ina jin muryar a matsayin abin da aka ceto. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda za ta shiga kunnen mai ita ba.

Juma'ar da ta biyo baya na zo, na shiga ɗakinsa, ban fita ba. Ba don na zama jaruma ba, sai don babu sauran inda zan gudu. Na yanke masa farce. Na shafa masa man zafi a hannun da ya shanye. Da shirun ya yi mini yawa na fara ba shi labaran rediyo da na ji a mota, farashin taki, ruwan da aka yi a Babura. Wani lokaci ya saurara, wani lokaci ya yi barci. A hankali na koyi zama. Ya rayu shekara biyu bayan haka. Ya ƙaro kalmomi kaɗan, "ruwa", "salla", da sunan Yaya. Nawa bai dawo masa ba. Ba a sake kunna hirar a inda zai ji ba.

Bayan an yi addu'ar bakwai, baƙi sun ragu, na tarar da Inna a rumfa tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce na sa mata katin nan a wayarta. Na sa. Kwana biyu tana saurare, ita kaɗai, da rana in gida ya yi shiru. A rana ta uku ta kira ni, na sake tarar da ita a rumfar da farantin shinkafa.

"Su ke nan? Huɗun nan?"

"Su ke nan, Inna. Sauran sun lalace."

Ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, "Akwai wata rana kuna cikin yi, akuya ta shiga ɗakin. Ya ɗaga murya ya kira ni na zo na kore ta. Da sunana ya kira ni."

Na tuna ranar. Na tuna har na yi dariya na ce zan goge wajen, ya ce na bar shi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne sunan. Baffa bai taɓa kiran sunan Inna a gabanmu ba, sai dai ya ce "ke" ko "kuna ciki?", irin kunyar mutanen da. A ranar, akuyar ce ta sa ya manta.

"Tun da aka kawo ni gidan nan, bai fi sau uku ba," in ji ta. "Na ce ko tana ciki."

Na so na ce mata zan sake kai faifan wani wuri, Kano ko wani gari, ko akwai masu injin da ya fi. Amma mai gyara ya riga ya gaya mini yadda abin yake, kuma na gaji da yi mata alkawari.

"Ba ta ciki, Inna. Tana cikin na baya-baya. Ba a kai kanta ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ware wata 'yar tsakuwa da farce ta jefar, ta karkaɗe farantin.

"To, ba komai," ta ce. "Miƙo mini wancan kwanon."